Tsufan Nana Asma'u 'Yar Shehu

A ƙauyukanmu na ƙasar Birnin Kudu da Gwaram, in mace ta aurar da 'yar autarta, furfura kuma ta rufe kanta, sai a gyara mata ɗan ɗaki a ƙuryar gida, a ce Iya ta huta. A kan kai mata tuwo, a kan gaishe ta safe da yamma, amma ba mai neman kome a wurinta. Namiji ma haka ne. Ran da ya kasa riƙe garma, ran nan a ke fara yin shawarar gandu ba da shi ba. Mu kan kira wannan girmamawa. Amma duk wanda ya zauna da tsofaffin nan ya san da yawansu ba yunwa ke cinsu ba, zaman banza ne. Saboda haka a wannan wata muka ga ya kamata mu ba masu karatu labarin wata mace ta ƙasar Sakkwato wadda ta rasu a shekara ta 1864. Mafi yawan aikin da a ke tunawa da ita dominsa, ta yi shi ne bayan ta kai shekara arba'in. Sunanta Nana Asma'u, 'yar Shehu Usmanu ɗan Fodiyo.

Mun sani ba addininmu ɗaya da ita ba. Mun kuma sani waɗansu daga cikinmu jikokin Maguzawa ne, kakanninsu sun sha wuya a yaƙe yaƙen zamanin nan, an kama waɗansu an sayar. Ba mu ɓoye wannan ba. Amma mace ce ta ƙasarmu, ta yi waƙa da harshenmu, ta kuma gane wani abu game da tsufa wanda ya cancanci kowa ya ji.

An haife ta a Degel, cikin ƙasar Gobir, a shekara ta 1793. Tagwaye ne, ita da Hasan. Bisa ga al'ada da Husaina za a sa mata, amma ubanta ya raɗa mata Asma'u. Uwarta Maimuna ta rasu tun tana ƙarama ƙwarai, sai kishiyoyin uwar, A'isha da Hauwa, suka rene ta. Hauwan nan ita ce uwar Muhammadu Bello, shi ya sa tun suna yara Asma'u ta shaƙu da wannan wa nata, ko da ya ke ya girme ta da shekara goma sha biyu ko kusa da haka. Gidansu gidan karatu ne, maza da mata duka suna yi. Ta haddace Alƙur'ani, ta iya Larabci da Filatanci da Hausa, tana kuma jin Buzanci.

Tana da shekara goma sha ɗaya, watau a 1804, Shehu da jama'arsa suka yi hijira daga Degel zuwa Gudu, yaƙi ya tashi tsakaninsu da Yunfa Sarkin Gobir. Yarinyar ta ga gudu, ta ga yunwa, ta ga gawawwaki, har aka ci Alkalawa a 1808. Cikin wannan hali aka aurar da ita ga Giɗaɗo ɗan Laima, aminin Bello. Sa'ad da Shehu ya rasu a Sakkwato a 1817, Bello ya zama Sarkin Musulmi, Giɗaɗo kuwa ya zama Wazirinsa. Ke nan Asma'u ta zama ƙanwar sarki, matar waziri. Shekara ashirin ta yi cikin wannan daraja, tana haihuwa, tana reno, tana kula da babban gida mai baƙi dare da rana. Ta rubuta littafinta na farko a 1820. Ita da mijinta suka ɗauki nauyin tattara littattafan Shehu da adana su. Wannan ba ƙaramin aiki ba ne, gama a lokacin nan kowane littafi da hannu a ke kwafarsa, takarda kuwa sai an ƙetaro hamada da ita a kan raƙuma, ga gara, ga damina, ga gobara. Wajen 1831 ta juya wata waƙar ubanta daga Filatanci zuwa Hausa, ita ce Tabbat Haƙiƙa, wadda ta ke gargaɗin masu mulki a kan zalunci. Har yanzu ana rera ta.

Da a nan labarinta ya tsaya, da masana kaɗai za su san sunanta.

A watan Oktoba na 1837 Bello ya rasu a Wurno, garin ribaɗin da ya gina arewa maso gabas da Sakkwato. Asma'u tana da shekara arba'in da huɗu. Bello shi ne malaminta, shi ne abokin shawararta, shi ne kuma inuwar da gidanta ke ƙarƙashi. Wanda ya gaje shi, Abubakar Atiku, ba su jitu da Giɗaɗo sosai ba, Giɗaɗo kuwa ya janye daga harkar mulki. Ba a daɗe ba 'yar'uwarta Fadima ta rasu, sa'an nan ɗan'uwanta Buhari na Tambuwal. Cikin 'yan shekaru kaɗan gidan da sarakuna ke sauka ya zama gidan tsohon waziri. Masu karatu da suka taɓa riƙe wani matsayi, ko a ofis, ko a makaranta, ko a gari, suka kuma sauka, sun san yadda ƙofar gida ta kan yi shiru bayan haka. Da yawa a nan su ke karyewa. Sai ka ga mutum ya zauna yana ƙirga waɗanda suka daina zuwa gaishe shi.

Giɗaɗo da Asma'u ba su yi haka ba. Suka ga mutanen da suka san Shehu ido da ido suna ƙarewa, yaran da ke tasowa kuwa ba su san wahalar Gudu ba, sai daɗin Sakkwato. Sai suka zauna, miji da mata, suna rubuta abin da suka gani. Shi ya rubuta labarin Bello da Larabci. Ita kuwa ta tsara labarin tafiye tafiyen Shehu cikin waƙa da Filatanci, domin wanda bai iya karatu ba ya haddace. Mu kan yi tunanin wannan aure, mu ga abin sha'awa. Shekara talatin suna tare cikin hidimar mulki, da mulkin ya wuce sai ga shi suna da sauran abin yi tare, suna da abin da za su tattauna da dare ban da ciwon gwiwa da laifin surukai.

Akwai kuma wani da ya shiga aikin, watau Isa, autan Shehu, wanda aka haifa a shekarar da uban ya rasu. Asma'u ta girme shi da shekara ashirin da huɗu, ta isa ta haife shi. Shi ne ya juya da yawa daga cikin waƙoƙinta zuwa Hausa, har da ta tafiyen Shehu, wadda a ke kira Waƙar Gewaye. Ba ta ce yaro ne, ba zai taɓa mini aiki ba. Ta saki hannu, aikin ya kai inda ita kaɗai ba za ta kai shi ba.

Amma babban abin da ta yi shi ne na 'Yan Taru, a nan kuma za mu ɗan daɗe.

Bayan yaƙe yaƙen nan ƙauyukan da ke kewaye da Sakkwato da Wurno sun cika da mata waɗanda ba su san kome na karatu ba. Da yawansu kamammu ne daga Gobir da Zamfara da Kabi, an raba su da danginsu, an kai su gidajen da ba su jin harshen masu gidan. In ciwo ya zo, ko baƙin ciki, bori suka sani. Malamai maza ba su iya shiga wurinsu. Matan aure masu goyo kuma ba su iya barin gida su yi tafiyar kwana biyu ko uku neman ilimi. To, wa zai kai musu? Tsakanin 1830 da 1840 Asma'u ta samo amsa, amsar kuwa tana zaune a ƙuryar kowane gida, ba wanda ya kula da ita. Tsohuwa ce.

Ku duba abin da tsohuwa ta ke da shi wanda yarinya ba ta da shi. Ta gama haihuwa, ba goyo a bayanta. Kulle bai hau kanta ba. Tana iya bin hanya ba mai zarginta, tana iya shiga kowane gida ba mai gida ya ɗaure fuska. Ta binne 'ya'ya, ta zauna da kishiya, ta ga fari ta ga yalwa, saboda haka in ta yi wa amarya magana, amarya ta kan ji. Abin da ya sa mutane suka ce ta gama, shi ne ainihin abin da ya sa ta dace da aikin.

Sai Asma'u ta riƙa zaɓen dattijuwa mai hankali, amintacciya, daga ƙauye, ta naɗa ta jaji. Kalmar nan ta fatake ce, jaji shi ne mai ja gaban ayari. Ta kan ɗora wa jajin malfa, ta naɗa mata jan rawani a kai. Malfar nan tana da labari. A Gobir ta dā, Inna ce ke sa ta, watau babbar mace ta gidan sarauta wadda ke shugabancin 'yan bori. Duk macen Gobir da ta ga malfa ta san mai iko ce ke zuwa. Asma'u ba ta ƙone malfa ba, ta ɗauke ta ta sa wa malama. Wannan dabara ce ta wanda ya daɗe a duniya. Yaro mai zafin kai da ya hana.

In kaka ta wuce, hanya ta bushe, kowace jaji ta kan tara matan ƙauyenta, tsofaffi da 'yan mata waɗanda ba su isa aure ba, su kama hanya a ƙasa zuwa wurin Asma'u. Su kan riƙo abin da suka samu, hatsi, ko zuma, ko man shanu, ko ƙyallen saƙi, ita kuwa ta kan raba wa mabukata. Su kan kwana 'yan kwanaki tana koya musu. Da ya ke ba su iya karatu ba, waƙa ce allonsu. Ta tsara musu waƙoƙi a kan salla da azumi, da labarin matan kirki na dā, da haƙuri, da gaskiya, da tsoron ranar hisabi. Su haddace, su koma gida suna rerawa, jaji kuma ta bi gida gida tana koya wa matan kulle, su ma su rera wurin niƙa da daka da kaɗi. Ban da koyarwa, jajin ta kan sulhunta masu faɗa, ta duba marasa lafiya, ta koya wa mata yadda a ke wankan gawa. Su ne a ke kira 'Yan Taru.

A kan ba da labarin nan domin a nuna amfanin da matan ƙauye suka samu, gaskiya ne kuwa sun samu. Amma mu abin da ya fi jan hankalinmu shi ne abin da jajin kanta ta samu. Mace mai shekara hamsin ko sittin, wadda da tana zaune tana jiran mutuwa, yanzu tana da suna, tana da ƙawaye a garuruwa, tana da tafiya da ta ke shiri dominta kowace shekara. Dole ta riƙe ƙwaƙwalwarta, gama akwai baitoci da za ta haddace. Dole ta riƙe ƙafarta, gama akwai hanya. In ba ta zo ba za a tambaya. Likitocin zamaninmu suna gaya wa tsofaffi su riƙa tafiya a ƙasa, su riƙa cuɗanya da mutane, su riƙa koyon sabon abu, kada kaɗaici ya kashe su. Asma'u ba ta ji wannan daga bakin likita ba, amma duk ukun suna cikin malfar nan.

Ita ma kanta ta ci amfanin abin. Wajen 1850 Giɗaɗo ya rasu, bayan aure na fiye da shekara arba'in. A 1855 A'isha ta rasu, matar Bello, aminiyarta tun suna 'yan mata. Zamanin ma ba na kwanciyar rai ba ne. Gobirawa da Katsinawan Maradi suna kai hari daga arewa. A gabas kuma, cikin ƙasar da yanzu ta ke Jihar Jigawa, Buhari Sarkin Haɗeja ya yi wa Sarkin Musulmi Aliyu tawaye, ɗanta Abdulƙadir, wanda ya zama Waziri, shi aka aika a kan maganar, Buharin kuwa bai sauko ba har ya mutu a 1863. Uwa ce da ɗa a bakin daga. Duk da haka kowane rani ƙofarta cike ta ke da mata masu ƙura a ƙafa, suna jiran ta fito.

Ba ta ɓoye baƙin cikinta ba. Kusan duk wanda ya rasu mata ta kan yi masa marsiyya, ta faɗi hawayenta a fili. Marsiyyoyin nan kuwa, in mutum ya bi su bi da bi, zai ga yadda idonta ya ke buɗewa da shekaru. Na farko farko na manya ne, sarki da malamai da 'yan gidansu. Ko a cikinsu ma ba yaƙi ta fi yabo ba. Sa'ad da ta yi wa Giɗaɗo, abin da ta ƙirga shi ne saukar da baƙi, da gyaran masallatai, da kula da kabarin Shehu, da taimakon wanda aka zalunta. Daga baya sai ta fara yi wa mutanen da ba wanda zai rubuta sunansu. A 1844 ta yi wa Halima, maƙwabciyarta, mace mai haƙuri mai son zumunci. A 1857 ta yi wa Zaharatu, wadda ta kan je wurin mai naƙuda ko da wane lokaci aka kira ta, ta kan kuma wanke gawa ba ta ƙyama. A 1858 ta yi wa Hauwa'u, ɗaya daga cikin jajinta, ta tuna yadda ta kan zo kowace shekara da ɗalibanta, manya da yara. 'Yar Shehu ce fa, ƙanwar sarki, uwar waziri, tana da shekara sittin da biyar, ta ɗauki alƙalami ta yi kuka domin wata tsohuwa ta ƙauye. Da yawanmu in mun tsufa, da'irarmu ta kan ƙanƙance, daga gari zuwa unguwa, daga unguwa zuwa gida, daga gida zuwa tabarma. Tata faɗi ta yi ta yi.

A nan ba za mu iya wucewa ba sai mun juyo gida. A ƙauyukanmu yau samari sun tafi Kano da Abuja da Legas, an bar tsofaffi da jikoki. Gwauruwa wadda ba ta da ɗa namiji a kusa, in ta cika zama ita kaɗai, tana magana da kanta, ba a daɗewa sai wani ya fara raɗa cewa mayya ce. Mun san wannan yana faruwa, har a cikin waɗanda ba mu zata ba. Tsohuwar da a ke kira wurin haihuwa da wurin sulhu, wadda yara ke zuwa ɗakinta koyon waƙa, da wuya a yi mata wannan ƙazafi, gama kowa yana da bukata a wurinta. Manzo Bulus ma, cikin wasiƙarsa zuwa ga Titus, aiki ya ba tsofaffin mata, na koya wa ƙanana zaman gida. A taron Zumuntar Mata kuwa sau da yawa mu kan ga an zaunar da su a layin gaba domin girma, sa'an nan waɗanda suka yi makaranta su yi dukan magana. Kujera a gaba ba malfa ba ce.

Ku kuma da ke tsakanin arba'in da hamsin, akwai abu ɗaya cikin labarin nan da bai kamata ya wuce ku ba. Asma'u ba ta farka ran da Bello ya rasu ta fara neman abin yi ba. Abin da ta ciyar da mutane da shi cikin shekara ashirin da bakwai na ƙarshe, tun tana cikin goyo da hidimar baƙi ta ke zuba shi a rumbu kaɗan kaɗan. Karatu ne, da harsuna, da aminai na gaske, da sanin halin mutane.

Ba ta ajiye alƙalami ba har ƙarshe. A 1861, tana da shekara sittin da takwas, ta yi waƙar Hausa mai suna Dalilin Samuwar Allah, inda ta ke jawo hankalin mai sauraro ga halitta, sama da ƙasa da abin da ke cikinsu. Malamai daga nesa su kan aiko mata takarda, ta amsa musu da Larabci. Ta rasu a 1864, tana da shekara saba'in da ɗaya ko kusa da haka, aka binne ta a Hubbare, kusa da ubanta.

Ƙanwarta Maryam ta ɗauki aikin 'Yan Taru. Maryam ɗin nan mutanen ƙasar Kano suna da rabo a cikinta, gama ta auri Sarkin Kano Ibrahim Dabo, wanda ya yi sarauta daga 1819 zuwa 1846, lokacin da Birnin Kudu da Gwaram ke ƙarƙashin Kano. Bayan rasuwarsa ta koma gida. Ita ma gwauruwa ce mai shekara fiye da hamsin sa'ad da aikin ya faɗo hannunta, ta riƙe shi fiye da shekara ashirin.

Takardun Asma'u sun zauna cikin gafaka a gidan Waziri, daga hannu zuwa hannu, har suka iso wurin Waziri Junaidu, wanda ya fito daga zuriyarta. An haife shi a 1906, ya rasu a 1997, ya kai shekara casa'in. Shi ne ya buɗe su ga wata Baturiya, Jean Boyd, wadda ta daɗe tana koyarwa a Sakkwato. Ta buga labarin Asma'u da Turanci a 1989. A 1997 kuma ita da Beverly Mack, wata malama ta Amurka, suka buga ayyukanta a littafi ɗaya, wajen guda sittin. Sa'ad da Jean Boyd ta shiga ƙauyukan Sakkwato tana bincike, fiye da shekara ɗari bayan rasuwar Asma'u, ta tarar da tsofaffin mata waɗanda har a lokacin a ke kiransu jaji, suna da malfarsu, suna kuma ja gaban 'yan'uwansu zuwa Hubbare.